Raunin garkuwar jiki na haihuwa: Ciwon da ke ɓuya a bayan wabi da tamowa

A ƙasar Hausa, macen da 'ya'yanta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana ana cewa tana wabi. Daga nan sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas suka samo asali: a laƙaba wa jariri sunan da ke nuna kamar ba a damu da shi ba, da fatan ko shi zai tsaya. Al'adar ta ja baya, amma abin da ya haife ta bai gushe ba. A garuruwa da ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran sassan Jihar Katsina, har yau akwai gidajen da suka binne yara biyu ko uku ba tare da wani ya faɗa musu sunan ciwon da ya ɗauke su ba.

Ilimin likitanci ya gano dalilai da dama da ke jawo irin wannan mutuwa ta jere, ciki har da sikila, da zazzaɓin cizon sauro, da tamowa, da rashin jituwar jinin uwa da na jariri. Akwai kuma wani dalilin da ba kasafai ake ambatonsa a asibitocin yankin ba, wato a haifi yaro da tawaya a garkuwar jikinsa. Masu wannan lalura ba su da yawa idan aka kwatanta da masu tamowa, sai dai alamominsu iri ɗaya ne, don haka suke sajewa da su har su mutu ba a gane su ba.

Yadda jiki ke kare kansa

Garkuwar jiki ba gaɓa ɗaya ba ce kamar hanta ko ƙoda. Tsari ne da ya haɗa fata, da jini, da ɓargo, da saifa, da ƙulle-ƙullen wuya da hammata da matsematsi, waɗanda idan suka kumbura ake cewa an yi kaluluwa. Aikinsa mataki uku ne.

Matakin farko shi ne hana shiga. Fata tana tare ƙwayoyin cuta daga waje, majina tana kama waɗanda suka biyo numfashi, hawaye da miyau suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da wasu, ruwan tsami na ciki kuma yana kashe da yawa daga waɗanda suka biyo abinci.

Idan ƙwayar cuta ta tsallake wannan shinge, sai ta haɗu da mataki na biyu, wanda ake haihuwar mutum da shi a shirye. Wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda mafi yawansu ake kira niyutrofil, sukan ruga wurin cikin 'yan sa'o'i su haɗiye baƙon su kashe shi. Mugunyar da ke fita daga maruru, akasarinta gawarwakinsu ne. Zazzaɓi da kumburi da zafin rauni duk alamun wannan aiki ne. A cikin jini kuma akwai wani rukunin sinadarai da ke manne wa bakteriya su huda ta.

Mataki na uku ya fi jinkiri, amma shi ke da basira da tunawa. Ƙwayoyi biyu ne ke riƙe da shi. Ƙwayoyin T ana ƙera su a ɓargo, su je su samu horo a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos. Wasunsu suna kashe ƙwayoyin jikin da bairas ya shige, wasu kuma su ke ba sauran umarni. Ƙwayoyin B su ke ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, kowace cuta da nata, kamar makulli da ɗansa. A haɗuwar farko wannan mataki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama. Bayan an warke, wasu ƙwayoyin sukan zauna shekaru suna riƙe da kamannin cutar, ta yadda idan ta dawo za a murƙushe ta kafin ta kwantar da mutum. A kan wannan tunawa aka gina rigakafi: a nuna wa jiki cuta matacciya, ko wadda aka raunana, ko wani ɓangarenta, ya koyi yaƙinta ba tare da ya sha wahalarta ba.

Jariri yana zuwa duniya da aron kariya. A watannin ƙarshe na ciki antibodin uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jininsa, su kare shi har kusan wata shida. Nonon farko mai kauri, wato dakashi, wanda wasu gidaje ke matsewa su zubar, yana ɗauke da wani nau'in antibodi da ke shafe hanjin jariri ya hana cuta kama wuri.

Rauni iri biyu

Likitoci sun kasa raunin garkuwar jiki gida biyu. Na farko shi ne wanda ake samu daga baya: an haifi mutum da lafiyayyar garkuwa, wani abu ya zo ya karya ta. Wannan shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma babban sanadinsa a duniya shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki. A yaro mai tsananin tamowa taimos yana motsewa, fata da bangon hanji su yi laushi, gudawa ko ciwon huhun da wani yaron zai jure sai ya zama ajalinsa. A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, a lokacin da ta kula da yara masu tamowa kusan 70,000, waɗanda kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka kwantar da su.

Ƙyanda ma tana karya garkuwa ta hanyar da mutane da yawa ba su sani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan ya nuna cewa cutar tana shafe kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na antibodin da yaro ya tara a baya, wato ta mantar da jiki cututtukan da ya riga ya koya. Cutar HIV tana cinye ƙwayoyin T masu ba da umarni. Sikila, wadda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami. Ciwon suga, da maganin kansa, da yawan shan magungunan sitiroyid da ake saye a kemis ba da izinin likita ba, duk suna cikin wannan gida.

Gida na biyu shi ne na haihuwa. A nan matsalar tana cikin ƙwayoyin halittar da yaro ya gada, ta yadda wani ɓangare na garkuwar bai ginu ba ko kuwa ba ya aiki. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba shi da alaƙa da HIV, kuma ba sakacin uwa ke kawo shi ba. Wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, shi ya fara bayyana irinsa a 1952, a jikin wani yaro da ke ta fama da cututtuka aka kuma tarar babu antibodi a jininsa. Zuwa 2022, kwamitin ƙwararru na duniya da ke tattara waɗannan cututtuka ya lissafa nau'i 485, kuma adadin yana ƙaruwa.

Manyan nau'o'insa

Mafi muni shi ne wanda aka sani da SCID, inda ƙwayoyin T ba sa nan ko ba sa aiki, su kuwa ƙwayoyin B ba sa iya komai ba tare da su ba. Jaririn yakan fito kamar kowa, amma cikin watannin farko sai a ga gudawar da ba ta tsayawa, da tari, da farin abu mai kama da kindirmo da ke manne wa harshe ya ƙi tafiya, da rama. Idan ba a yi magani ba, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Duniya ta san wannan ciwo ta hanyar David Vetter, yaron jihar Texas da aka haifa a 1971, wanda ya rayu shekara 12 a cikin wani tanti na roba da ba ya shigar da ƙwayar cuta, ya rasu a 1984.

Nau'in da Bruton ya gano yara maza yake kamawa. Yaron yakan yi lafiya lau har sai aron da ya karɓa daga uwa ya ƙare, sannan daga wajen wata shida ciwon kunne da na huhu su riƙa zuwa suna dawowa. Akwai wani nau'in ƙarancin antibodi da ba ya bayyana sai mutum ya girma, wani lokaci bayan shekara 20 ko 30. Akwai wanda niyutrofil ke haɗiye ƙwayar cuta amma su kasa kashe ta, sai maruru ya riƙa fitowa a fata da hanta da huhu. Akwai wanda fararen ƙwayoyin ba sa iya fita daga jijiya su isa wurin rauni. Alamarsa ta farko ita ce cibiyar jariri ta haura wata ɗaya ba ta faɗi ba, alhali yawanci mako ɗaya zuwa biyu take yi. Sai kuma ƙarancin sinadaran nan masu huda bakteriya, wanda ke sa mutum ya kamu da sanƙarau fiye da sau ɗaya. Wannan na da muhimmanci ga Katsina, wadda ke cikin yankin Afirka da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi.

Gado da auren zumunci

Da yawa daga waɗannan cututtuka ana gadonsu ne kamar yadda ake gadon sikila. Uwa da uba kowannensu yana ɗauke da ƙwayar halitta ɗaya mai tawaya, amma lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu cewa yaron zai haɗa biyun ya fito da ciwon. Ɗan wa da 'yar ƙani sun fi bare biyu yiwuwar ɗaukar tawaya iri ɗaya, tunda daga kaka ɗaya suka gaje ta. Shi ya sa nau'o'in da ake gada ta wannan hanya suka fi bayyana a ƙasashen da auren dangi ya yawaita, kamar Saudiyya da Iran da Turkiyya da Maroko. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar ciwon ba, kuma mafi yawan 'ya'yansa lafiyayyu ne. Amma a zuriyar da aka riga aka yi ta rasa jarirai, abu ne da ya kamata a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

Wasu nau'o'in kuma ta ɓangaren uwa suke bi su kama 'ya'ya maza, kowane ɗa namiji da yiwuwar rabi da rabi. Don haka tambayar da ke da amfani ita ce: a cikin kawunnan yaron, wato 'yan'uwan mahaifiyarsa maza, akwai waɗanda suka rasu suna jarirai?

Alamomin da ya kamata a lura da su

Kowane yaro yana rashin lafiya, kuma mura sau shida ko takwas a shekara ba abin tashin hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ciwon da ya cika dawowa, ko ya cika tsanani, ko ya ƙi jin magani. Gidauniyar Jeffrey Modell ta Amurka, wadda wasu iyaye suka kafa a 1987 bayan ɗansu ya rasu da wannan lalura, ta fitar da alamomi goma: ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara, ciwon kogon hanci mai tsanani sau biyu ko fiye a shekara, shan maganin kashe bakteriya wata biyu ba sauƙi, ciwon huhu sau biyu ko fiye a shekara, jariri ya kasa ƙara nauyi, maruru mai zurfi da ke maimaituwa, farin abu a baki ko ƙurajen fata masu naci, ciwon da ba ya tafiya sai an ba da magani ta jijiya, cuta mai shiga jini ko cikin jiki sau biyu ko fiye, da kuma tarihin irin ciwon a dangi.

Wani bincike da aka yi a arewacin Ingila aka wallafa a 2011 ya nuna cewa uku daga cikinsu sun fi sauran nuni: tarihin dangi, da buƙatar magani ta jijiya, da rashin girma. A yanki kamar Dutsin-Ma da Kurfi, inda rama ta zama ruwan dare, wanda ya fi cancanta a sake dubawa shi ne yaron da ke samun nono da abinci, aka gwada shi babu HIV, babu sikila, babu tarin fuka, amma yana ta komawa gadon asibiti, ko wanda aka ɗora a kan abincin tamowa sa'o'insa suka murmure shi bai murmure ba.

Batun rigakafi

Wasu alluran rigakafi suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana: BCG ta tarin fuka da ake yi ranar haihuwa, da ɗigon shan inna, da na gudawar rota, da allurar ƙyanda da ta shawara da ake yi a wata tara. Ga lafiyayyen yaro waɗannan kariya ce. Ga jariri mai SCID kuwa, raunanniyar ƙwayar tana iya zama cuta. Ƙaramin ƙurji da tabon da BCG ke bari a dantse abu ne da aka saba. Abin da ke buƙatar likita shi ne gyambon da ya ƙi warkewa watanni, ko babbar kaluluwa a hammata tare da rama da zazzaɓi. Ƙa'idar likitoci ita ce, idan an taɓa tabbatar da ciwon a gida, ko ana zarginsa saboda mutuwar yayyen jaririn, a jinkirta masu rai har a gwada shi.

Wannan keɓancewa ta 'yan ƙalilan ce, ba hujjar ƙin rigakafi ba ce. Hasali ma, yaron da garkuwarsa ba ta aiki ba shi da wata kariya daga ƙyanda da mashaƙo face rigakafin da aka yi wa yaran unguwarsu. Najeriya tana da yara sama da miliyan biyu da ba a taɓa yi wa rigakafin yau da kullum ba, kuma annobar mashaƙon da ta taso a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano ta kuma shafi Katsina, ta nuna abin da hakan ke haifarwa.

Lamarin ya shafi yaƙi da shan inna ma. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a ranar 25 ga Agustan 2020, amma nau'in da ya rikiɗe daga ɗigon rigakafi yana ci gaba da yawo a wuraren da ba a yi wa yara da yawa ba, ciki har da arewa maso yammacin Najeriya. Mai ƙarancin antibodi yana iya riƙe ƙwayar a hanjinsa yana fitar da ita na dogon lokaci. A 2015 an ba da rahoton wani mutum a Birtaniya da ya shekara 28 yana fitar da ita. Gano irin waɗannan mutane yana cikin sharuɗɗan kawar da cutar gaba ɗaya.

Gwaji da magani

Matakin farko na ganowa ba shi da tsada. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda babban asibiti irin na Dutsin-Ma ya kamata ya iya yi, yana nuna adadin ƙwayoyin limfosait, rukunin da T da B suke ciki. Jarirai sun fi manya yawansu, don haka idan na jariri ya gaza kusan 2,500 zuwa 3,000 a kowane maikrolita, abin a bincika ne, ko da adadin zai yi daidai a jikin babba. Hoton ƙirji yana iya nuna ko taimos yana nan. Auna yawan antibodi, da ƙidaya T da B daban-daban, da gwajin ƙwayoyin halitta, su ne ke buƙatar manyan asibitoci, kuma hanyar mai neman ƙwararren likitan yara daga yankin takan bi ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Magani yana nan. Masu ƙarancin antibodi ana ƙara musu wanda aka tace daga jinin masu ba da gudummawa duk mako uku zuwa huɗu, su yi karatu su yi aure kamar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan magani a jerin magungunan da ba a rasa su, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Wasu ana ɗora su a kan maganin kashe bakteriya na kullum. SCID kuwa dashen ɓargo ke warkar da shi, kuma an fara yin hakan cikin nasara a 1968 a jihar Minnesota. Idan aka yi dashen kafin jariri ya kai wata uku da rabi, fiye da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa. Saboda haka Amurka ta fara gwada jarirai tun ranar haihuwa a jihar Wisconsin a 2008, zuwa ƙarshen 2018 duk jihohinta sun bi sahu. A Najeriya an yi dashen ɓargo na farko a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga mai sikila.

Gwajin na Amurka ya nuna ana samun SCID a jariri ɗaya cikin kusan 58,000. Najeriya tana haihuwar jarirai sama da miliyan bakwai a shekara. Ko da wannan ma'auni aka ɗauka, ba tare da la'akari da auren zumunci ba, lissafin ya kai jarirai kusan 120 duk shekara, a ƙasar da wannan gwaji ba ya cikin abin da ake yi wa jarirai. Ƙungiyoyin da ke shirya makon wayar da kai kan ciwon, daga 22 zuwa 29 ga Afrilun kowace shekara, suna ƙiyasin cewa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na masu shi a duniya ba a gano su ba.

Inda alhaki ya rataya

Dutsin-Ma da Kurfi mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka addaba. Manomin da aka raba da gonarsa ba ya cika rumbu, ma'aikacin lafiya ba ya kwana a ƙauyen da ake tsoro, mai rigakafi ba ya isa inda hanya ba ta biyuwa. Kowanne daga cikin ukun yana ƙarewa ne a garkuwar jikin yaro.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma su ne mafi kusa da ƙananan asibitocin karkara. Wannan ya ba matasan yankin tambayoyin da za su iya yi wa ciyaman da ɗan majalisa, su kuma nemi amsa a rubuce: ƙananan asibitoci nawa ne ke aiki a kowace gunduma, nawa ke karɓar kuɗin asusun, injin ƙidayar jini yana aiki ko ya lalace, kuma ana rubuta sanadin mutuwar yaran da suka rasu a asibiti?

A matakin gida kuwa, abin da ya fi saurin kai likita ga gano ciwon shi ne bayanin da iyaye ke riƙe da shi: katin rigakafi, da takardun duk kwanciyar da yaron ya yi, da adadin 'yan'uwansa da kawunnansa da suka rasu suna ƙanana, da shekarunsu, da irin ciwon da suka yi. Macen da aka ce tana wabi, idan ta sake samun ciki, ya kamata ta kai wannan bayani wurin awo tun kafin haihuwa, domin a shirya gwada jaririn a makonninsa na farko.